Malamar Lissafi a Hannun Dillalai

Shekara 26 na yi ina koyar da lissafi a makarantar sakandare. Yaran da na koya wa fitar da kashi kaza cikin ɗari ba za su ƙirgu ba. Amma ranar da lissafin ya zo kan kuɗina, wani yaro da bai girmi ɗana na fari ba ya juya ni yadda ya ga dama, ina ta yi masa godiya.

Mun yi shekara 17 muna haya ni da maigidana, Allah ya jiƙansa. Gida biyar muka zauna. Da ya rasu aka biya haƙƙoƙinsa na aiki, na haɗa da abin da na daɗe ina tarawa, na sayar da wani ɗan fili da ya bari, sai na ga kuɗin za su iya sayen gida madaidaici. Ana cikin haka mai gidan da muke ciki ya aiko cewa ɗansa zai tare, mu nemi wuri cikin wata shida. To ka ga mace mai ɗanyen rashi, ga kuɗi a banki, ga wa'adi a wuya. Yanzu na san babu wanda ya fi irina daɗin sha'ani ga mai neman la'ada cikin gaggawa.

Yaron nan wata maƙwabciya ce ta haɗa mu. Ga ladabi, ga fara'a, ba ya kirana sai Mama. Zamanmu na farko, bayan gaisuwa da ta'aziyya, sai ya ce, "Mama, nawa ne a hannu? Don kada in yi ta yawo da ke a banza." Tambayar ta yi mini ma'ana, na buɗe baki na faɗa masa duk abin da ke akwai, ban rage ko kaɗan ba. Daga ranar, kowane gida ya kai ni, kuɗinsa daidai da abin da na faɗa ne, ko ya ɗara kaɗan yadda in an yi ragi zai sauko kansa. Babba da ƙarami, sabo da tsoho, duk kuɗinsu ɗaya. Abin bai ɗaure mini kai ba a lokacin. Cewa na yi Allah ne ya daidaita.

Gida biyu na farko da ya nuna mini ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara. Ɗaya silinsa ya rufto, ɗaya kuma bayansa bola ce. Na koma gida gwiwa a sanyaye. Kwana uku bayan nan ya kira, murya na rawa, wai in bar duk abin da nake yi in zo. Gida ne mai ɗaki uku da falo, an shafe shi da sabon fenti, ga bishiya a tsakar gida. Idon da ya sha kallon kangwaye, da ya faɗa kan wannan sai ya ga fada. Ban kai ƙofar fita ba sai da na raba wa yarana ɗakuna a zuciyata, na san inda gadona zai zauna. Kuma ban ɓoye ba. A gabansa na ce, "Wannan kam ya yi."

Shi ke nan ya samu abin da yake nema. Ya sunkuyar da kai ya ce akwai matsala ɗaya: wani mutum ya riga ya gani, gobe da azahar zai kawo kuɗi. Amma tunda ni uwa ce a wurinsa, in zan ba da kafin alƙalami, kashi 10 cikin ɗari, zai riƙe mini. Na tambayi mai gidan, ya ce ya yi tafiya. Na tambayi takardu, ya nuna mini hotonsu a waya, ya yi saurin wucewa da yatsa. Washegari da safe na tura masa kuɗin, cikin asusunsa shi, ya rubuta mini 'yar takarda da biro ya sa hannu.

Yayan maigidana ne ya fara tayar mini da hankali. Da na je masa da albishir bai yi murna ba. Ya ce, "Kin ga mai gidan ido da ido?" Na ce a'a. "Wa ya duba takardun?" Na yi shiru. Ya ce, "To kin yi cinikin biri a sama. Kada ki ƙara sakin komai sai lauya ya gani." Na ji haushinsa ƙwarai, don a ganina raina ni ya yi.

Lauyar da ya tura ni wurinta mace ce mai ƙarancin magana. Ta karanta 'yar takardar, ta juya bayanta ko akwai ƙari, ta ajiye. Sai ta ce, "Malama, wannan dillalin wa yake yi wa aiki?" Na ce ni mana, ai ni na neme shi. Ta ce, "Wa zai biya shi?" Na ce mun yi da shi zan ba shi kashi 5 cikin ɗari. Ta ce, "Su masu gidan fa, ba za su ba shi komai ba?" Wallahi tambayar ba ta taɓa zuwa kaina ba.

Mako biyu ta yi tana bincike a ofishin rajistar filaye. Abin da ta dawo da shi ya ishe ni. Sunan da ke kan takardar mallaka na mutumin da ya rasu ne tun shekara huɗu da suka wuce. Magadansa shida, biyu kaɗai suka san ana sayar da gidan. Asalin takardar kuma tana banki, marigayin ya jinginar da ita ya karɓi bashin da ba a gama biya ba. Sannan tsakanina da waɗancan magada biyun akwai dillalai huɗu a jere: wannan ya ji daga wancan, wancan ya ji daga wani, kowa ya ɗora nasa a kan kuɗin kafin ya miƙa gaba. Yaron nan shi ne na ƙarshe a layin. Da lauya ta tsare shi, ya amsa cewa shi ma bai taɓa riƙe takardun a hannunsa ba, hoton ne aka turo masa. Mutumin da zai kawo kuɗi da azahar kuwa har yau ba a haife shi ba. Kafin alƙalamina an riga an yi watandarsa. Sai da muka yi wata 14 ana kai ruwa rana, ana biyana da kaɗan-kaɗan, kafin kashi biyu cikin uku su dawo. Sauran na nan a bakinsa.

Damina ta farko bayan haka na bi ta layin da gangan. Sabon fentin ya kumbura ya ɓare daga ƙasa har zuwa gwiwa, danshi ya hau bango ya yi masa zane. A rani ya kai ni, da tsakar rana.

Na daɗe ina tsine masa a zuciya. Abin da ya rage mini zafin shi ne wani dare da na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. A ce kuɗin gida 100 ne, la'ada 5. In dillali ya dage ya samo wa mai saye ragin 10, la'adarsa ta koma 4 da rabi, wato shi ya yi wahala kuma shi ya yi asara. In ya dage wa mai sayarwa ya samo ƙarin 10, ribarsa rabi ce kacal, wadda zai raba da abokan layinsa. Amma in ciniki ya watse, biyar ɗin gaba ɗaya ta tafi, tare da man da ya ƙona da kwanakin da ya ɓata. Ashe tsada da araha duk ba su dame shi sosai ba. Abin da ya dame shi a sa hannu, yau kafin gobe. Dillali ba shi da albashi. Yana iya yin wata uku yana buɗe wa mutane ƙofofi, ƙwandala ba ta shiga aljihunsa ba. Wanda ke cikin wannan hali, ko mutumin kirki ne, bakinsa zai riƙa karkata zuwa "a yi a gama".

Da na nuna wa ɗana lissafin, shi da ke karanta tattalin arziki a jami'a, dariya ya yi ya ce ai an riga ni. Wasu masana biyu a Amurka, Steven Levitt da Chad Syverson, sun bi cinikin gidaje kusan dubu 100 a jihar Illinois, suka buga sakamakon a 2008. Sun gano cewa idan dillali gidansa na kansa yake sayarwa, yakan bar shi a kasuwa kusan kwana 10 fiye da na wanda ya ɗauke shi aiki, ya kuma sayar da shi da ƙarin kusan kashi 4 cikin ɗari. In nasa ne yana da haƙuri, in naka ne sai ya ce kasuwa ba ta jira. Ban sani ba ko daɗi na ji ko takaici, da na ga har inda ake taƙama da doka halin ɗaya ne.

Wa'adin mai gida ya cika muka koma haya ta shida. Na yi rantsuwa ba ni ba dillali. Wata biyar na yi ina nema da kaina, ina bin tallace-tallace a intanet bayan an tashi makaranta. Rabin gidajen an sayar da su tuntuni ba a cire hoton ba, sauran kuma in ka kira lambar dillali ne zai ɗauka. Gidajen kirki da yawa ba sa ma kaiwa ga talla, a bakin dillalai suke ƙarewa. Dole na haɗiye rantsuwata.

Na biyun wani abokin aikina ne ya ba ni lambarsa. Abin da ya ja hankalina shi ne ya ce shekara tara ke nan da ya sayi gida ta hannunsa, kuma har yanzu suna gaisawa. Dattijo ne mai furfura, ba shi da fara'a ko kaɗan. Na je da shirina, ina jiran ya tambayi abin da ke hannuna in ƙi faɗa. Sai ya ɗauko wani zancen. Mutum nawa ne za su kwana a gidan? Minti nawa nake iya jurewa a hanya zuwa aiki? Shekara nawa ya rage in yi ritaya? Gwiwata lafiya, ko nan da shekara 15 bene zai gagare ni? Mene ne abu uku da in babu su ba zan saya ba, mene ne kuma wanda sha'awa ce kawai? Sai a ƙarshe ya zo kan kuɗi, kuma ga yadda ya faɗa: "Malama, duk abin da ke hannunki, cire kashi ɗaya cikin goma ki manta da shi. Akwai la'adata, akwai lauya, akwai safiyo, akwai kuɗin rajista, kuma babu gidan da za ki shiga ba ki kira mai gyara ba. Abin da ya rage shi ne kuɗin gidanki."

Na yi masa tambayar lauyata. Bai ji haushi ba. Ya ce, "In ke za ki biya ni, ke nake yi wa aiki, kuma ba zan karɓi komai daga ɗaya gefen ba. In gidan da ke hannuna ne na kai ki, wanda mai shi ya ba ni in sayar masa, zan faɗa miki tun a ƙofa, don ki san bakina ba naki ba ne a wannan gidan." Na ce a rubuta. Shafi ɗaya muka yi: nawa ce la'ada, wa zai biya, sai yaushe za a biya, yarjejeniyar ta wata uku ce, kuma kowa na iya janyewa da sanarwa. Lauya ta duba ta ƙara layi guda, cewa kuɗin gida ba zai bi ta asusunsa ba. Ta gaya mini cewa wakiltar mai saye da mai sayarwa a ciniki ɗaya abu ne da wasu jihohin Amurka suka haramta ɗungurungum, wasu kuma suka ce sai kowane ɓangare ya yarda a rubuce. A Ingila kuwa bisa al'ada dillalin na mai sayarwa ne, shi ke biyansa, komai murmushin da yake yi wa mai saye. Daga baya na ji cewa a 2024 babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka ta yarda ta biya dala miliyan 418 don kashe ƙararrakin da aka kai ta kan yadda ake yanka la'ada, kuma daga 17 ga Agusta na shekarar 'ya'yanta ba sa zagayawa da mai saye sai an rubuta abin da za a biya su. Takardar da muka yi a kan tebur ɗin dattijo ke nan.

Yana da wani tsohon littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. A ciki yake rubuta duk gidan da aka sayar a yankin da yake aiki: girmansa, kuɗin da aka fara sa masa, kuɗin da aka sallama, da watannin da ya yi kafin ya tafi. Ya ce kuɗin da mai gida ya faɗa buri ne, wanda aka biya a maƙwabta shi ne farashi. Wannan littafin, a ganina, shi ne ainihin abin da na biya la'ada a kansa. Buɗe ƙofa kowa ma zai iya.

Gida 11 muka gani. Duk wanda ya kwanta mini, sai ya ce mu koma sau uku: da sassafe lokacin da kowa ke fita, da dare, sannan bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Yakan bar ni a ciki ya fita ya tsaya da maƙwabta, ya dawo da labarin da babu shi a talla: me ya sa ake sayarwa, wa ya zauna a baya, ina ruwa ke bi in ya sauko. Akwai wani mai manyan tagogi da na ƙwallafa rai a kansa. Ya kai ni bayan gidan ya nuna mini tsaga da ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace, ta fi faɗi a sama, an cike ta da siminti ta sake buɗewa. Ya ce tsagar filasta siririya ce kamar gashi, wannan kuwa harsashi ne ke motsi. "Ni zan samu la'adata in kin saya," in ji shi, "amma za ki zage ni shekara goma." Sai da na yi kwana biyu ina zargin ko wani yake ajiye wa gidan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kada in mai da shi waliyyi. Waya sai ka kira sau huɗu kafin ya ɗauka. Da muka zo kan gida na tara, wanda nake ciki yanzu, na ce zan kawo mai duba gini, sai ya ce ɗan ƙaninsa magini ne, zai yi mini a sauƙaƙe. Na ƙi. Na ce wanda zai duba mini gida bai kamata ya haɗa komai da wanda zai ci la'ada ba. Ya ɓata rai, ranar ko sallamar kirki ba mu yi ba. Injiniyan da na ɗauko da kaina ya hau rufi ya ga inda yake yoyo, ya buɗe akwatin wuta ya ce wayoyin sun tsufa sai an sauya, ya kuma rubuta kiyasin gyaran.

A wurin ciniki kuwa na ga aiki. Tun a mota ya gargaɗe ni: kada in yaba komai, kada in ambaci haya ko gaggawa, in an faɗi kuɗi kada in kalle shi. Ya riga ya gano cewa mai gidan an yi masa canjin wurin aiki, gidan ya yi wata bakwai ba kowa. Ya taya ƙasa da abin da nake tsammani har kunya ta kama ni. Dillalin mai gidan ya ce albarka, ya ƙara da cewa akwai wasu masu so. Dattijo ya buɗe littafinsa ya karanto gida uku a layin da abin da aka sallama su, ya ɗora takardar injiniya a kai, ya ce, "In masu son sun fi mu, Allah ya sa alheri." Ya miƙe. Na bi shi ƙafafuna na rawa, ina ji kamar in juya in ce na yarda. Kwana shida ba mu ji komai ba. A na bakwai suka kira.

An sallama da ragin kusan kashi 8 cikin ɗari. Kafin alƙalami wannan karon a hannun lauya ya zauna, da sharaɗi a rubuce cewa in bincike ya nuna matsala a takardu kuɗina za su dawo cif. Ta koma ofishin rajista ta tabbatar sunan da ke kan takarda shi ne na mutumin da ke zaune a gabanmu, babu jingina, babu shari'a. Safiyo ya auna ya tarar katangar baya ta shiga filin maƙwabci da kusan rabin mita. A nan dattijon ma halin sana'a ya motsa. Ya ce, "Malama, rabin mita ne fa, shekara nawa ba wanda ya yi magana. A sa hannu, a gyara daga baya." Na dube shi na ce, "Baba, ni kake yi wa aiki ko ciniki?" Ya yi shiru, sai ya yi 'yar dariyar da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce a kira maƙwabcin. Mako uku abin ya ƙara mana, amma an zauna an rubuta iyakar, kowa ya sa hannu gaban shaidu.

Ranar biya ta banki na tura, kai tsaye zuwa sunan da ke kan takarda. Kafin nan mun sake zagaya gidan da safe, muka karanta mitar wuta da ta ruwa, aka cire bashin da ke kansu daga kuɗin. Aka ƙirga mini makullai tara a tafin hannu. Na biya dattijo la'adarsa a ranar, ya rubuta rasit, ya buɗe baƙin littafinsa ya ƙara layi ɗaya.

Watan jiya wayata ta yi ƙara, na ga lambar yaron nan. Na ɗauka sauran kuɗina ne. Bayan doguwar gaisuwa sai ya ce, "Mama, wani gida ne ya faɗo, na ce ko yayanmu zai so, don gaskiya ba zai kwana biyu ba." Na ce, "Ka riƙe takardunsa da hannunka?" Ya yi jim, ya ce bari ya tambaya ya sake kira.